Yadda ake koya ma yaro sabuwar ɗabi'a

Ƴan uwa masu karatu, kusan kowane gari akwai yaron da ya bambanta da sauran yara. Wani ya kai shekara biyar bai fara magana ba. Wani in an kira sunansa ba ya waiwayowa, alhali kuwa shina ji. Wani in ransa ya ɓaci sai ya riƙa buga kansa ga bango, ko ya ciji hannunsa. Wani kuma da an yi sake sai ya fice daga gida, a tsinto shi bakin rijiya ko bakin tabki.

Iyayen waɗanga yara suna cikin wahala. Uwa ba ta zuwa gona ko kasuwa hankali kwance. Kowa da abin da shike faɗi. Wanga ya ce iska ce, wancan ya ce sangarta ce, a ba shi kashi. In dabara ta ƙare, sai a kulle yaro cikin ɗaki, ko a ɗaure mashi ƙafa ga turke. Ba ƙiyayya ke sa iyaye yin haka ba, rashin sanin wata hanya ne.

To, akwai mutanen da aikinsu ke nan: taimakon irin waɗanga yara da iyayensu. Mu kira su masanan ɗabi'a. Iliminsu shi ne nazarin ɗabi'a a aikace, a taƙaice ana ce mashi ABA. A wanga darasi za mu ga abin da masanin ɗabi'a ya kamata ya iya, da amanar da ke kansa. In mun san wannan, za mu gane na gaskiya da na ƙarya. Kuma za mu samu abin da za mu yi aiki da shi cikin gidajenmu.

Asalin wanga ilimi

Ɗabi'a a nan ita ce duk abin da mutum ke yi wanda ake iya gani ko ji. Magana ɗabi'a ce. Kuka, gudu, gaisuwa, cin tuwo, wanke hannu, duk ɗabi'u ne.

Wani malami ɗan Amurka, B. F. Skinner, ana faɗin sunan Sikina, ya daɗe shina nazarin wanga abu. An haife shi a 1904, ya rasu a 1990. Ya fara gwajinsa da ɓeraye da tantabaru, ya fitar da littafinsa na farko a 1938. Abin da ya nuna shi ne: abin da ya biyo bayan aiki shi ke sa a sake aikin ko a bar shi. Mu ma mun san haka. Mai kifi da ya samu ciniki a wata kasuwa, can zai koma sati mai zuwa. In ya je sau uku bai sai da komi ba, sai ya sake kasuwa.

A 1968 wasu malamai uku na jami'ar Kansas, Baer da Wolf da Risley, sunka rubuta sharuɗɗan amfani da wanga ilimi ga mutane. Sun ce a yi aiki kan abin da ke da amfani ga rayuwar mutum. A auna shi da ƙirga. A rubuta hanyar dalla-dalla yadda wani zai iya binta. Kuma canjin da anka samu ya ɗore, ya bi mutum duk inda ya je.

Yau an fi amfani da ilimin ga yara masu larurar da likitoci ke kira otizim, wadda wasu gidajen rediyo ke ce ma galahanga. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 shina da ita. Ba laifin uwa ba ne, kuma allurar rigakafi ba ta kawo ta. Ana kuma amfani da ilimin ga yaran da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni, da yaran lakwal masu wuyar sha'ani, har da manya.

Gwaninta ta farko: faɗin abin da ido ya gani

In uwa ta kawo ƙara, takan ce: "Yaron nan ba ya jin magana." Ko ta ce: "Taurin kai gare shi." Masanin ɗabi'a ba ya tsayawa nan. Zai tambaye ta: "Inna, me shike yi da hannunsa? Me shike yi da bakinsa? Wane lokaci?" Sai ta ce: "Shina faɗuwa ƙasa, ya buga goshinsa." To, yanzu an samu abin da za a yi aiki a kai.

Dalili shi ne, taurin kai ba a iya ƙirga shi. Abin da uba ya kira taurin kai, kaka tana iya kiran shi ƙuruciya. Amma buga goshi ga ƙasa, kowa ya gani zai ce ya gani. In mutum biyu sun kalli yaro, dole su yarda kan abin da ya faru. Don haka masani ke zama ya yi kallo da idonsa, kwana da kwanaki, tun bai ba da shawara ba. Gani ya kori ji.

Gwaninta ta biyu: ƙirga da rubutu

Masani ba ya rabuwa da kaye da bik. Duk lokacin da yaro ya yi abin, sai ya ja layi ɗaya. Da yamma ya ƙirga. Ga misali:

Litinin: ///// 5
Talata: /////// 7
Laraba: ////// 6

Ana yin wanga ƙirga tun ba a fara koyarwa ba, don a san inda anka tashi. Wata ɗabi'ar kuma da agogo ake auna ta. Kuka na minti 2 daban da kuka na minti 40.

Me ya sa ake wanga wahala? Don zuciya tana mantuwa. Ranar da uwa ta gaji, sai ta ga kamar abin ya ƙaru. Ranar da take murna, sai ta ga kamar ya ragu. Takarda kuwa ba ta gajiya. In bayan sati uku layukan sun sauko daga 6 zuwa 2, hanyar tana aiki. In ba su sauko ba, masani ba ya zargin yaro. Hanyarsa zai sake dubawa.

Gwaninta ta uku: gano dalilin ɗabi'a

Yaro ba ya yin abu banza. Kowace ɗabi'a da ta ɗore, akwai abin da take samo ma mai ita. Don gano shi, masani shina rubuta abu uku: abin da ya faru kafin, ɗabi'ar kanta, da abin da ya biyo baya. Mu ɗauki misalin yaro ɗan shekara 6 da ba ya magana.

Kafin: Uwa tana dama hura, yaro shina kallo.
Ɗabi'a: Ya faɗi ƙasa, ya buga goshi sau 4.
Bayan: Uwa ta yi maza ta miƙa mashi ludayi.

In an rubuta haka sau da yawa, sai abin ya fito fili. Yaron hura shike so. Ba shi da bakin roƙo. Ya gano cewa buga goshi ne ke kawo ludayi da sauri. Buga goshin nan shi ne maganarsa.

Masana sun tara dalilan gida huɗu.

1. Neman abu, kamar abinci ko abin wasa.
2. Neman kulawa, a dube shi ko a ɗauke shi. Ko faɗa anka yi mashi, ai an kula shi.
3. Gudun abin da ba ya so, kamar wanka, aski, ko hayaniyar biki.
4. Jin daɗin abin a jikinsa, kamar yaron da ke kaɗa hannu ko shina lilo da jikinsa.

Yara biyu suna iya yin kuka iri ɗaya, dalili ya bambanta. Ɗaya shina son a ɗauke shi, ɗaya shina son a ƙyale shi. Shi ya sa dabarar da ta yi ma ɗan maƙwabta aiki ba lalle ta yi ma naka ba.

Amma kafin duk wannan, masani na gaskiya zai ce a kai yaro likita. Yaron da ke bugun kunnensa, wataƙila kunnen ke ciwo. Ciwon haƙori, tsutsar ciki, yunwa, rashin barci, farfaɗiya, duk suna canza ɗabi'a. Yaron da ya yi sanƙarau shina iya kurumcewa, a ɗauka ƙin ji shike yi. Ciwon jiki aikin likita ne.

Gwaninta ta huɗu: musanya da tukuici

In an gano dalili, sai a koya ma yaro wata hanya mai kyau ta samun abin nan da shike so. Ba a raba mutum da hanya sai an nuna mashi wata. A 1985 wasu masana biyu a Amurka, Carr da Durand, sun nuna cewa in an koya ma yaro yadda zai roƙi abin da shike buƙata, mugunyar ɗabi'ar tana raguwa.

Mu koma ga yaron hura. Za a aje mashi ƙoƙo kusa. Da uwa ta fara damu, tun bai faɗi ƙasa ba, sai yayarsa ta kama hannunsa, ta taimaka mashi ya miƙa ƙoƙon. Nan take uwa ta zuba mashi, ta ce: "Hura! Madalla, ga hura." A yi haka sau da yawa kowace rana. Sannu a hankali zai gane cewa miƙa ƙoƙo ya fi buga goshi sauƙi, kuma ya fi sauri.

Abin da ke biyo bayan aiki ya sa a sake shi, mu kira shi tukuici. Shina da ƙa'idodi.

Na ɗaya, ya zama abin da yaron ke so, ba abin da babba ke zato ba. Wani ƙuli-ƙuli, wani dabino, wani goyo, wani tafi da yabo. Masani shina gwadawa ya gani.

Na biyu, a ba da shi nan take. In an jira har yamma, yaro ba zai san abin da anka ba shi dominsa ba.

Na uku, da farko a ba shi kowane lokaci. In ya iya, sai a riƙa ragewa, har yabo da murmushi kaɗai su isa.

Wani zai ce wannan ai cin hanci ne. A'a. Dubi bambancin. In yaro ya fara birgima a kasuwa ka saya mashi alewa don ya yi shiru, ka biya kuɗin birgima, gobe ma zai yi. In kuwa ya bi ka lafiya, ka yaba mashi ka ba shi, tafiya lafiya ka biya.

Akwai wani abu da masani ke gaya ma iyaye tun da wuri. Lokacin da tsohuwar ɗabi'a ta daina kawo biyan buƙata, takan ƙaru kwana kaɗan kafin ta ragu. Kamar mai buga famfo ne. In ruwa bai fito ba, sai ya ƙara ƙarfi, sa'an nan ya haƙura. Iyaye da yawa nan suke karaya. Amma a kula: in yaro shina ji ma kansa ciwo, ba a zuba mashi ido. A sa matashi ko hannu a tare kansa, a kare shi, ba tare da tsawa ba.

Gwaninta ta biyar: rarraba aiki

Abin da muke gani ƙaramin aiki, ga wani yaro babba ne. Masani shina yanka aikin gunduwa-gunduwa. Ga wanke hannu:

1. Ɗauko buta.
2. Jiƙa hannu.
3. Shafa sabulu.
4. Cuɗa hannu ciki da baya.
5. Ɗauraye.
6. Aje buta wurinta.

Wata dabara ita ce a fara daga ƙarshe. A taimaka ma yaro daga 1 zuwa 5, a bar mashi na 6 ya yi da kansa, a yaba mashi. In ya iya, a bar mashi na 5 da na 6. Haka har ya haɗa duka. Amfanin wagga dabara, kullum shi ke ƙarasa aikin, ya ji daɗin gamawa.

Taimakon ma hawa-hawa ne. Da farko a kama hannunsa. Daga baya a taɓa gwiwar hannu kawai. Sa'an nan a nuna da yatsa. Daga ƙarshe a tsaya a yi shiru. Gwanin malami shi ne wanda ya san lokacin janye hannunsa. In kullum ana kama ma yaro hannu, har ya girma zai jira a kama.

Mu ma haka munka koyi karatu. Ba a ba mu littafi ranar farko ba. Da a, i, u munka fara, sa'an nan ba, bi, bu. Sannu ba ta hana zuwa.

Gwaninta ta shida: koya ma mutanen gida

Masani baƙo ne, zai zo ya tafi. Uwa da uba da kaka da yayye su ke tare da yaro dare da rana. In yaro ya iya abu gaban masani kaɗai, aikin bai yi ba. Dole ya iya shi gaban kowa, a gida, a gidan kaka, a makaranta, da wanga ƙoƙo da wancan.

Don haka masani shina koya ma mutanen gida. Ya bayyana, ya yi su gani, su yi ya gani, ya gyara musu cikin ladabi. Kuma dole bakinsu ya zo ɗaya. In uwa ta jira a miƙa ƙoƙo, kaka kuwa tana ba da hura da an yi birgima, yaro zai ruɗe.

Amanar da ke kan masani

Wanga ilimi kamar wuƙa shike. Tana yanka nama, tana yanka hannu. An taɓa cutar da yara da sunansa, kuma ya kamata mu sani.

A shekarun 1960, wani malami a Los Anjalas mai suna Lovaas ya yi amfani da mari da jan lantarki ga yara masu otizim. Shi ne kuma a 1987 ya ba da labarin yara 19 da anka koyar kusan awa 40 kowane sati, 9 daga cikinsu sunka shiga aji tare da sauran yara. Labarin ya sa ilimin ya yi suna, amma binciken da ya biyo baya ya nuna ba kowane yaro ke samun irin haka ba. A 1972 kuma an tona asirin wani gidan renon yara masu raunin ƙwaƙwalwa a Miyami, jihar Fulorida, inda ake azabtar da su ana cewa gyaran ɗabi'a ne. Wanga abin kunya shina cikin dalilan da sunka sa anka fara kafa dokoki ga masu aikin.

A 1998 anka kafa wata hukuma a Amurka, BACB, mai ba da takardar shaida. Babban masani sai ya yi digiri na biyu, ya yi aiki awa 1500 zuwa 2000 ƙarƙashin wani gwani, ya ci jarrabawa. Kuma kowace shekara 2 sai ya sabunta takardarsa da ƙarin karatu. Mataimaki kuwa horon awa 40 ake ba shi, kuma ba ya aiki sai da mai duba shi. Dokar aikinsu da ta fara a watan Janairu na 2022 ta tsaya kan abu huɗu: amfanar mutane, riƙe su da tausayi da mutunci, gaskiya, da tabbatar da gwaninta. Ga yadda suke a aikace.

Neman izini. Masani ba ya fara komi sai ya bayyana ma iyaye da harshen da suke ji, sun yarda. Suna da ikon cewa a tsaya kowane lokaci. Shi ma yaron ana duba yardarsa. In shina gudu shina kuka duk lokacin koyo, akwai abin gyara.

Zaɓen abin da zai amfani yaro. Manya masu otizim da yawa, waɗanda anka yi ma wanga koyarwa suna yara, sun koka. Sun ce an tilasta musu kallon idon mutane, an hana su kaɗa hannu, don kawai su yi kama da kowa. Kukansu gaskiya ne. In ɗabi'a ba ta cutar da kowa, a bar yaro da abinsa. A sa ƙarfi ga abin da zai cece shi: roƙon ruwa, nuna inda ke ciwo, zuwa bayan gida, tsayawa in an ce tsaya.

Fara da hanya mai sauƙi. Dokar ta ce a sa koyarwa da tukuici gaba, a guji abin da zai cutar. Duka shina iya tsai da yaro na ɗan lokaci, amma bai koya mashi abin da zai yi ba. Tsoro ya koya, wani lokaci ma ya koyi dukan na ƙasa da shi. Kuma ba a hana yaro abincinsa na yau da kullum don a mai da shi tukuici.

Rufin asiri. Abin da masani ya gani cikin gida, cikin gida zai tsaya. Ba ya kai shi majalisa ko bakin rijiya. Ba ya ɗaukar hoton yaro ya watsa a WhatsApp ko Facebook. Sai dai in ya ga ana cutar da yaro, nan kam dole ya sanar da masu iko.

Sanin iyaka. Masanin ɗabi'a ba likita ba ne, ba ya ba da magani. Abin da bai koya ba, ya tura ga wanda ya iya.

Gaskiya. Ba ya alkawarin warkewa. Otizim ba zazzaɓi ba ne da ake sha ma ƙwaya ya tafi, amma yaro shina iya koyo har iyakar rayuwarsa. Masani ba ya ƙara lamba ko ya rage don aikinsa ya yi kyau. Maganar kuɗi a yi ta a fili tun farko. Dokar ta hana shi karɓar kyautar da ta wuce dalar Amurka 10, don kada kyauta ta rufe mashi baki.

Mu a nan Madarunfa

Masu waccan takarda sun fi yawa a Amurka. A Madarunfa, da Gabi, da Safo, da Ɗan Isa, da Jiratawa, da Sarkin Yamma, nauyin yaran nan shina kan iyaye, da malaman makaranta, da ma'aikatan lafiya. Karanta wanga darasi bai mai da mu masana ba. Amma kallo, da ƙirga, da yabo, da rarraba aiki, ba su buƙatar kuɗi.

OMS ma ta lura da ƙarancin masana a ƙasashe irin namu. A 2022 ta fitar da tsarin horar da iyayen yara masu jinkirin girma. Zama 9 ne cikin ƙungiya, da ziyara 3 a gida, kuma ma'aikacin da ba babban likita ba shina iya jagorantarsa in an hore shi. An gwada tsarin a ƙasashe da dama, har da Habasha da Kenya.

Yaran nan suna da haƙƙi a dokar ƙasa. A 1993 Nijar ta fitar da dokar kare naƙasassu. A 2008 ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu. Ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara kuma, ranar tunawa da masu otizim ce a duniya.

Ga abin da gida zai fara da shi. A kai yaro likitar gari a duba jikinsa da kunnensa. In abin ya fi ƙarfinsu, su tura asibitin Madarunfa ko Maraɗi. Mai addu'a ya ci gaba da addu'arsa, amma kada ta hana zuwa likita. A zaɓi ɗabi'a ɗaya tak, wadda ta fi haɗari. A garinmu mai tabki da gulbi da rijiyoyi, yaron da ke ficewa daga gida a fara koya mashi tsayawa. A riƙe hannunsa cikin gida, a yi taku uku, a ce "tsaya", a tsaya tare, a yaba mashi nan take. A yi kullum, sa'an nan a ƙofar gida, sa'an nan kan hanya. Duk da haka ba a barinsa shi kaɗai kusa da ruwa, kuma a rufe bakin rijiya.

In wani ya zo ya ce shi mai gyaran yara ne, a yi mashi tambaya. Ina ka yi karatu, wa ke duba aikinka? Me za ka koya ma yaron, don me? Zan iya zama in gani? Ina takardar ƙirgarka? Wanda ya hana iyaye kallo, ko ya ce zai warkar cikin sati biyu, ko ya zo da bulala da sarƙa, ko ya ce a bar yaro da yunwa, kada a ba shi ɗa.

Karatun da muke yi a wanga aji shina da amfani a nan. Uwar da ta iya rubuta ranaku da lambobi, in ta je likita ba za ta ce "kullum shina yi" kawai ba. Za ta buɗe kaye ta ce: "Ga shi, sau 6 ranar Laraba, kuma duk lokacin damu ne." Da wannan ma'aikacin lafiya zai san inda zai fara.

Tambayoyi

1. Mece ce ɗabi'a? Kawo misali uku.
2. Waɗanne abubuwa uku masani ke rubutawa don gano dalilin ɗabi'a?
3. Faɗi dalilai huɗu da ke sa yaro ya riƙa sake wata ɗabi'a.
4. Mene ne bambancin tukuici da cin hanci?
5. Me ya sa ake fara kai yaro likita?
6. Faɗi alamomi uku na mai gyaran yara na ƙarya.

Aikin gida

Rarraba aikin sa riga gida-gida, ka rubuta cikin kayenka da lambobi. Sa'an nan ka zaɓi ɗabi'a ɗaya mai kyau da wani yaro na gidanku ke yi, kamar gaisuwa ko kai kwano wurin wanki. Ka ja layi duk lokacin da ya yi, kwana uku, ba ka ce komi ba. Kwana uku na gaba ka yaba mashi nan take duk lokacin da ya yi. Ka zo da lambobin aji mu duba tare. Kada ka rubuta sunan yaron.